"Went" ko "gone"? Kuskuren da ya hana ni ɗaga hannu a aji

Ga shirin wannan makon a rubuce, saboda waɗanda suka ce data ba ta isar su sauraron murya, da masu son su ajiye su riƙa dubawa. Na yau ma ya fi dacewa da rubutu, don akwai kalmomin da sai ido ya gan su.

Bari in fara da tona wa kaina asiri. Makonmu na uku a aji ɗaya na jami'a, malami ya shigo ya karanto sunayen waɗanda ya ce ba su sa hannu a takardar halarta ba, sai na ji har da nawa. Na miƙe da ƙarfin gwiwata na ce, "Sir, I have wrote my name." Wallahi kafin in rufe baki aji ya kece da dariya. Wata da ke zaune a gabana ta juyo ta ce min "written", a hankali, don taimako ta yi, amma ni a lokacin ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Daga ranar sunana ya koma "Have Wrote". Har zangon karatun ya ƙare ban sake ɗaga hannu a aji ba. Akwai tambayoyin da na san amsarsu sarai, amma da na tuna sai na haɗa jimla, sai in haɗiye abata.

Abin haushin shi ne na san kalmar "written". Na haddace ta tun muna sakandare. Duk wanda ya yi makarantar gwamnati a nan cikin gari ya san karatun nan da ake rerawa kamar na allo: go, went, gone. Eat, ate, eaten. Write, wrote, written. Malam na riƙe da bulala, mu muna bi. Mun haddace gida uku, amma ba a taɓa zaunar da mu an ce ga lokacin da ake shiga gida na biyu, ga lokacin da ake shiga na uku ba.

Abin da ya dawo min da maganar, a hutun da ya wuce mun tara ƙannenmu masu shirin WAEC da NECO a wani zaure muna yi musu bita da yamma. Yara ne daga Kwarbai, Kaura, Babban Dodo da Limancin Kona, masu kaifin kai ƙwarai. Na ce kowa ya rubuto min wasiƙa zuwa ga kawunsa. Da na zauna dubawa sai na ga kaina a takardunsu: "I have went to the market", "my phone was stole", "did you saw my result?" Irin ramin da na faɗa shekara goma baya, yana nan ba a cike shi ba.

To, mu fahimci juna kan suna tukuna. Gida na biyu shi ne malaman Turanci ke kira "past tense", wato shuɗaɗɗen lokaci: went, ate, wrote, saw. Gida na uku kuma shi suke kira "past participle": gone, eaten, written, seen. Ni daga nan gida na biyu da gida na uku zan riƙa cewa.

Me ya sa abin yake ba mu wuya? Ba daƙiƙanci ba ne. A Hausa aikatau ba ya sauya kamanni saboda lokaci. Ka ce ya rubuta, zai rubuta, yakan rubuta, bai rubuta ba. "Rubuta" tana nan yadda take, 'yar kalmar da ke gabanta ce ke ɗauke da lokacin. Ko Turancin buroka da ake yi a kasuwar Sabon Gari haka yake: "I go chop", "I don chop". Saboda haka yaron da ya tashi cikin ganuwa, kunnensa bai saba jiran aikatau ya canza ba. Ƙari a kan haka, "na ci abinci" a Hausa tana iya zama "I ate", tana iya zama "I have eaten". Abu ɗaya a wurinmu, abu biyu a wurinsu.

Amma kada ku ɗauka mu ba mu da irin wannan rikicin. Ku saurari wannan: na ga Audu, na gan shi, na gani. Ga, gan, gani. Aikatau ɗaya, kamanni uku. Ko na sayi littafi, na saye shi, abin da na saya. Akwai wanda ya taɓa koya maka wannan a allo? Babu. Amma ba za ka taɓa cewa "na gani Audu" ba, sai dai in kana kwaikwayon wanda bai iya Hausa ba. Baturen da ya zo koyon Hausa a nan yake shan wuya. Bambancin kawai, a Hausa abin da ke zuwa bayan aikatau ne yake zaɓa masa kamanni, a Turanci kuwa abin da ya riga shi zuwa ne. Wannan ita ce maganar yau gaba ɗaya: ka dubi kalmar da ta zo kafin aikatau.

Gida na biyu ɗan gashin kansa ne, shi kaɗai yake tafiya. I went. She ate. They wrote. Daga mai aikin sai shi, ba kowa a tsakani. Gida na uku kuwa ba ya fita sai da ɗan rakiya. 'Yan rakiyar kuma ba su da yawa, gidaje biyu ne. Akwai dangin have, wato have, has, had, having. Akwai dangin be, wato am, is, are, was, were, be, been, being. Duk inda ka ga ɗayansu ya tsaya a gaban aikatau kana maganar abin da aka riga aka yi, to gida na uku za ka shiga. I have gone. She has eaten. It was written. Kuskurena na aji ɗaya ke nan: na ɗauko ɗan rakiya na haɗa shi da wanda ba ya son rakiya. Akasinsa ma kuskure ne, ka saki gida na uku shi kaɗai ka ce "I seen him" ko "he gone home".

Sai did. Nan ne yara da yawa ke zamewa, har da manya. Did ita kanta gida na biyu ce na do, ta riga ta ɗauki shuɗaɗɗen lokacin a kanta. In ka sake sa wa aikatau lokaci, ka biya kuɗin mota sau biyu. Shi ya sa bayan did ko didn't sai ka koma gida na ɗaya. Did you see him? I didn't go. "Did you saw" da "I didn't went" babu su. Haka bayan will, can, must, should da to, duk gida na ɗaya ne.

Yanzu ga ɓangaren da na fi so, don ranar da na gane shi ne na daina jin tsoron gida na uku. Ashe muna da shi a Hausa, kullum muna faɗinsa. Dafa, dafaffe. Soya, soyayye. Karya, karyayye. Rubuta, rubutacce. Sata, satacce. In ka ce dafaffen ƙwai, ko soyayyen nama, ko satacciyar waya, ka ɗauki aikatau ka mai da shi sifar abin da aikin ya faɗa wa. To wannan shi ne aikin gida na uku. Karyayyen kofi, "broken cup". Satacciyar waya, "stolen phone". Daskararren kifi, "frozen fish". Ɓoyayyen abu, "hidden". Yagaggiyar riga, "torn". Sananne, "known". Zaɓaɓɓe, "chosen". Ba za ka ce "ya karyayye kofin" ba, ko? To haka "he broken the cup" take a kunnen mai Turanci. Kuma ba za ka ce "karya kofi ne a hannuna" kana nufin karyayye ba. Haka "a broke cup" take.

Waɗanda suka zauna gaban malamai a zaure ma sun fi kowa kusa da gane wannan. Garin nan an san shi da nahawun Larabci tun kaka da kakanni, almajirai daga nesa suke zuwa Unguwar Juma da Kona don shi. Kataba, ya rubuta, fi'ili ne mali. Maktub, rubutacce, ismul maf'uli. Wrote da written ke nan. Yaron da ya iya rarrabe waɗannan biyun a Larabci, ban ga dalilin da zai sa went da gone su gagare shi ba, in dai an nuna masa cewa abu ɗaya ake nufi. Matsalar, malamin zaure da malamin boko ba sa haɗuwa, yaron ne kaɗai ke zuwa wurin su biyun, shi kuma ba wanda ya ce masa ya haɗa.

Ga wata dabara daga Hausa. Duk jimlar da za ka fara da "an", wato ba ka faɗi wanda ya yi aikin ba, yawanci Turancinta dangin be ne da gida na uku. An sace wayata, "my phone was stolen". An ba ni, "I was given". An haife ni a Zariya, "I was born in Zaria". An manta da mu, "we were forgotten". Mu gwada da abin da muka sani. "Abubakar Imam wrote Magana Jari Ce." Mai aikin ne a gaba, ba ɗan rakiya, gida na biyu. Juya ta: "Magana Jari Ce was written by Abubakar Imam." Was ta shigo, dole wrote ta koma written.

Amma dubi wannan. "Babban Gwani built the Friday mosque." "The Friday mosque was built by Babban Gwani." Masallacin Juma'armu na ƙofar fada ke nan, wanda Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu. Built a nan, built a can, babu abin da ya canza. A ganina nan ne asalin tarkon yake. Mafi yawan aikatau na Turanci gidansu na biyu da na uku iri ɗaya ne: walked da walked, cooked da cooked, bought da bought, taught da taught. Sai yaro ya yi shekaru yana faɗin "I have cooked", "I have bought" daidai, ba tare da ya san gida na uku yake shiga ba. A tunaninsa have da gida na biyu ake haɗawa, kuma ba a taɓa kama shi ba. Ranar da ya iso kan go ko write sai asiri ya tonu. Aikatau masu taurin kai irin waɗannan da ake amfani da su ba su fi kamar ɗari biyu ba, kuma waɗanda gidansu na biyu ya bambanta da na uku ba su kai haka ba. Sai dai su ne na bakin kowa: go, come, see, eat, give, take, do, know, speak, write. Ba yadda za ka yi ka kauce musu.

Da yake dole sai an haddace, ku haddace su dangi-dangi, ya fi sauƙi a kan bin jerin bayan ƙamus daga A zuwa Z. Akwai masu tafiya i, a, u: drink, drank, drunk, sing, sang, sung, begin, began, begun, swim, swam, swum. Mai a na biyu, mai u na uku. Akwai dangin know, knew, known. Grow, grew, grown. Throw, threw, thrown. Fly, flew, flown. Akwai dangin break, broke, broken. Speak, spoke, spoken. Steal, stole, stolen. Choose, chose, chosen. In kun lura, gida na uku yana son ƙarewa da n. Alama ce mai kyau, amma kada ku rantse a kanta, don began da ran duk da n suka ƙare kuma gida na biyu ne. Come da run kuwa komawa gida suke yi: come, came, come, run, ran, run. Saboda haka "he has come" ne, "he has came" babu ita, duk da na san ta fi daɗi a baki.

Sannan akwai waɗanda ko gezau ba sa yi: cut, put, hit, shut, split, burst, cast. Ranar zaɓen 2023 in ka buɗe Facebook, ko'ina hoton yatsa da tawada ne da "I have casted my vote". Har da masu digiri biyu. "I have cast my vote" ake cewa. Shi kuwa went da ya fi kowa wahalar da mu, asalinsa ma ba ɗan gidan go ba ne. Na wani tsohon aikatau ne, wend, go ta are shi ta riƙe. Shi ya sa ba su yi kama ba ko kaɗan.

Ɗaya kuma da nake yawan gani a rubutun ɗalibai in suna ba da tarihin makaranta: "Ahmadu Bello University was found in 1962." Wannan cewa ka yi an tsinci jami'ar a 1962, kamar ɓatacciyar akuya. Found ta find daban, ita ce samu ko tsinta. Kafawa kuma found, founded, founded. "It was founded in 1962." Haka "Barewa College was founded in Katsina in 1921." Sai been da being: bayan have, has, had, been ce kullum. "I have been waiting."

To in duka biyun daidai ne a nahawu fa, "I ate" da "I have eaten", wanne za ka ɗauka? Nan ma Hausa za ta taimake ka. In a jimlarka akwai lokacin da ya wuce ya rufe, irin jiya, shekaranjiya, bara, ko ka ambaci shekara, gida na biyu ne shi kaɗai. "I saw him yesterday." "I finished secondary school in 2019." Ba a cewa "I have seen him yesterday", wannan kuskuren har a wasiƙun neman aiki yana nan birjik. In kuwa a Hausarka za ka iya sa "riga", ko "taɓa", ko "tukuna", to have da gida na uku. Na riga na ci, "I have already eaten". Ka taɓa zuwa Legas? "Have you ever been to Lagos?" Bai zo ba tukuna, "he has not come yet". Ita kuma da-na-sani da Hausawa suka ce ƙeya ce, gida na uku take ci har sau biyu: da na sani da ban je ba, "if I had known, I would not have gone".

Na san akwai mai cewa, to wai duk wannan na mene ne, Turanci yaren ubanmu ne? Ba yaren ubanmu ba ne, kuma ni ban yarda iya Turanci shi ne ilimi ba. Su kansu masu harshen, a Ingila da Amurka akwai garuruwan da mutane ke cewa "I seen it" da "I should have went" a hirarsu ta yau da kullum, ba wanda ya ce musu jahilai a unguwarsu. Kamar mu ne Zazzagawa da Kanawa ke tsokana wai ba mu san mace ba a magana, muna cewa "rigana" da "matana ya zo". A cikin gari ba laifi ba ne, haka muka tashi muka ji. Amma ranar jarrabawar Hausa "rigata" za ka rubuta in kana son makinka.

To haka Turanci. A WAEC ana so ka rubuta insha'i na kalma kamar 450, a kan maki 50. Maki 10 daga ciki an ware su ne don tsabtar rubutu, wato nahawu da rubuta kalma daidai da alamomin tsayawa, kuma kowane kuskure rabin maki ake cirewa. Lissafa da kanka, kuskure 20 ya cinye goman nan tas. Yaron da ke rubuta "have went" da "didn't saw" zai iya tara rabin wannan kafin ya gama shafin farko. A JAMB kuma cikin tambayoyi 180, guda 60 na Turanci ne, kowane kwas kake nema, kuma irin waɗannan ramukan suna cikin abin da suke haƙa wa yara. Ba kiredit a Turanci, ba jami'a. Na san waɗanda suka ci lissafi da kimiyya da kyau, Turanci ya zaunar da su gida shekara biyu, wata ma daga nan aka yi mata aure maganar karatun ta mutu. Ɗan da ya tashi a gidan malaman jami'a a Samaru yana jin "have you eaten?" tun yana rarrafe, kunnensa ne ke yi masa aikin. Namu na cikin gari sai an faɗa masa dalili, kuma a harshen da yake tunani da shi.

Shi ya sa abin da wasunmu ke yi yake ci min rai. Mutum ya yi ƙoƙari ya yi rubutu da Turanci, ya zame a kalma ɗaya, sai a ɗauki hoton rubutun a yi ta yawo da shi ana dariya. Ni na san abin da dariyar nan take yi wa mutum, zango guda ta ci min. In ka ga kuskure, bi shi ta akwatin saƙo ka ce, ɗan'uwa, ko 'yar'uwa, bayan have "gone" ake sawa, ga dalili. Minti ɗaya ne. In kuma kana da ƙane ko ƙanwa a gida mai shirin jarrabawa, karɓi littafinsa yau da dare, ka ja layi a ƙarƙashin kowace have, has, had, was, were da did, ku duba kalmar da ke biye tare. Da yaran zauren nan haka muka yi, mako biyu muna wannan kaɗai, kuma wasiƙun da suka rubuto daga baya sun fi na farko tsabta nesa ba kusa ba.

Ga aikin gida kafin mako mai zuwa. Ku mayar min da waɗannan Turanci: An ɗauke wuta tun safe. Ban ga saƙonka ba jiya. Ka taɓa hawa doki? An zaɓe ta shugabar aji. Da ka faɗa min da na zo. Ta ƙarshen ce mai tarko, ku kula da ita. Ku turo amsoshinku, zan karanto wasu a farkon shiri na gaba, ba zan faɗi sunan wanda ya zame ba.

Sai Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.